Fashin Baƙi: Yadda Halin Shugaban Kamfani Ke Shiga Cikin Alƙaluman Rahoton Kuɗi

Shin halin mutum ɗaya da ke zaune a ofishin bene na sama zai iya sauya alƙaluman da kamfani ke bugawa a rahotonsa na shekara, alhali ga akantoci, ga oditoci, ga hukumomin sa ido? Tambayar ta sake tasowa tun watan Maris na 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, har naira biliyan 500 ga masu lasisin hulɗa da ƙasashen waje, ya kuma ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026. Bankuna suka fito neman kuɗi wurin jama'a, tallan hannun jari ya cika wayoyi, kuma a majalisun Hausawan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, magana ta rabu gida biyu. Matasan da ke sayen hannun jari ta manhajar waya suna cewa lissafi ba ya ƙarya, tunda ga riba an rubuta kuma odita ya sa hannu. Dattawan da wuta ta ƙona a faɗuwar kasuwar hannayen jari ta 2008 kuwa cewa suke yi duk kanwar ja ce, takarda ce kawai ake yi wa ado. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma duk sun tsallake wurin da matsalar take kwana.

Rabin rahoton ƙidaya ne, rabi ƙiyasi

Rahoton kuɗi na kamfani yana bayyana abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, da ribar da ya ci ko asarar da ya tafka a shekara, da kuma tsabar kuɗin da ta shiga da wadda ta fita. Idan masana suka ce rahoto yana da inganci, suna nufin alƙalumansa sun dace da halin da kamfanin yake ciki, labarin asara ya fito a kan lokaci kamar yadda na riba yake fitowa, kuma ba sai an dawo bayan shekara biyu ana cewa a yi haƙuri an yi kuskure ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, riba ba abu ba ce da ake ƙirgawa kamar kuɗin aljihu. A ɗauki misalin dilan albasa a Mile 12 da aka sauke masa buhu 300. Ya sayar da 200, rabinsu bashi, saura 100 suna jibge a rumfa ga damina ta kama. In aka tambaye shi ribarsa a yau, dole ya yanke hukunci kan abubuwa biyu da babu wanda ya san su tabbas: mutum nawa cikin masu bashin za su biya, kuma buhu nawa cikin na rumfa za su kai mako mai zuwa ba su ruɓe ba. Dila mai tsantseni zai cire kaso ya ajiye gefe, ya faɗi riba kaɗan. Wanda ya yarda da sa'arsa zai ce duk za su biya, albasar ma lafiyarta lau. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma littattafansu ba za su zo ɗaya ba.

Haka abin yake a banki, sai dai da biliyoyi. Dole banki ya ƙiyasta nawa ne cikin bashin da ya bayar ba zai dawo ba, ya ware kuɗi daga ribarsa don cike gurbin. Kamfanin siminti zai yanke shekara nawa injinansa za su yi kafin su mutu, kamfanin gini kuma zai yanke yaushe ne kwangilar da ba a gama ba ta zama kuɗin shiga. Ƙa'idojin lissafi na duniya da kamfanonin kasuwar hannayen jarin Najeriya suka koma kansu a 2012 sun bar wa shugabanni fili mai faɗi na amfani da hankalinsu, da gangan, domin su ne suka fi kowa sanin kasuwancinsu. Ta wannan ƙofar hali yake shiga.

Halayen da masu bincike suka fi bibiya

Tun 1984 wasu malaman harkokin gudanarwa a Amurka, Donald Hambrick da Phyllis Mason, suka kafa ra'ayin cewa kamfani madubin manyansa ne, wato abin da shugaba ya yarda da shi da abin da yake tsoro suna bayyana a shawarwarin kamfanin. Daga baya masana lissafin kuɗi suka ɗauki ra'ayin suka gwada shi a kan rahotanni.

Halin da ya fi ba ni tsoro a cikinsu ba shi ne wanda aka fi zargi ba. Shi ne yarda da kai fiye da kima. A wani nazari da Catherine Schrand da Sarah Zechman suka wallafa a 2012, sun bi kamfanoni 49 da hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta kama da rahoton da ba daidai ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka fara da niyyar zamba ƙarara. Sauran sun fara ne da kyakkyawan zato da ya wuce gona da iri: shugaba ya yi imani cewa baɗi za ta fi bana, sai ya ɗan ja ribar baɗi ya zuba a bana, da niyyar idan kasuwa ta buɗe a mayar ba wanda ya sani. Baɗi ta zo ba ta buɗe ba. Yanzu ramin ya zama biyu, kuma abin da ya fara a matsayin ƙiyasi ya koma ƙarya da aka sani, domin fitowa a faɗi gaskiya na nufin amsa cewa rahoton bara ma ba daidai ba ne. Ramalinga Raju, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na Satyam a Indiya, ya siffanta wannan hali da bakinsa a wasiƙar da ya amsa laifi a Janairun 2009, bayan an yi shekaru ana nuna tsabar kuɗin da babu su: ya ce tamkar mutum ne ya hau damisa, bai san yadda zai sauka ba tare da ta cinye shi ba.

Hatsarin irin wannan shugaba shi ne, ba ya kama da ɓarawo. Shi da kansa ya yarda da abin da yake faɗa, shi ya sa yake iya shawo kan daraktoci da odita da 'yan jarida. Sau da yawa ma nasa kuɗin yana cikin kamfanin har ranar da jirgin zai nutse.

Hali na biyu shi ne ji da kai da son a sani. Tunda ba yadda za a yi a zaunar da shugabannin manyan kamfanoni a yi musu gwajin ɗabi'a, masu bincike sun koma neman alamu daga nesa. A 2007 Arijit Chatterjee da Hambrick sun auna girman hoton shugaba a rahoton shekara, da yawan cewa "ni" maimakon "mu" a hirarrakinsa, da tazarar albashinsa da na mai bi masa. A 2017 wasu kuma, Charles Ham da abokan aikinsa, sun auna girman sa hannun daraktocin kuɗi, suka samu cewa masu baza sa hannu ya cinye takarda sun fi alaƙa da kwaskwarimar riba, da jinkirin bayyana asara, da sake gyara rahoto bayan an buga. Na yi dariya ranar da na fara jin batun sa hannun nan, don na san alhazai masu gaskiya da sa hannunsu ke cin rabin cek. Awo ne mai rauni in aka ɗora shi kan mutum ɗaya, sai an tara ɗaruruwa yake nuna wani abu. Amma dalilin da ke bayansa a fili yake: wanda ya ɗauki ribar kamfani a matsayin shaidar darajarsa, ganin asara a takarda tamkar zagi ne a wurinsa. Hakan ya zo daidai da abin da Ulrike Malmendier da Geoffrey Tate suka gano a 2009, cewa shugabannin da mujallu suka naɗa gwarazan shekara sukan ja baya a aiki daga nan, kuma gyaran fuskar riba yakan ƙaru a kamfanoninsu.

Akwai kuma rayuwar mutum a wajen ofis. Nazarin Robert Davidson da Aiyesha Dey da Abbie Smith na 2015 ya nuna cewa shugabannin da suka taɓa karya doka, ko da ta tuƙi ce, sun fi faɗawa zambar rahoto da kansu. Masu almubazzaranci da motoci da gidaje da jiragen ruwa kuwa ba lallai su yi zambar da hannunsu ba, sai dai tsaro a kamfanoninsu yakan yi sako-sako, na ƙasa su samu kafa.

Daga kan shugaba zuwa littafin akanta

Manajan darakta ba ya zama gaban kwamfuta ya shigar da alƙaluma. To ta yaya halinsa ke isa can? Ta hanyar abin da na ƙasa da shi suka koya cewa yana son ji.

Na ga ƙaramin samfurin wannan a wani shagon hatsi a Agege shekarun baya. Maigidan mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma ba ya jure mummunan labari. In yaron shago ya ce, "Alhaji, wake ya fara ƙwari," sai faɗa ya tashi kamar yaron ne ya zuba ƙwarin. Ba a daɗe ba yaran suka daina faɗa. Suka riƙa juya buhunan da suka lalace zuwa bayan sito, suna rubuta su a littafi da farashin lafiyayyu, kullum amsar ita ce, "Komai lafiya, Alhaji." Ranar da aka buɗe bayan siton don wani babban ciniki, shi ne mutum na ƙarshe a shagon da ya san abin da ke ciki. Bai taɓa cewa kowa ya yi ƙarya ba.

Kamfanin Toshiba na Japan ya yi irin wannan a babban mataki. A 2015 kwamitin bincike mai zaman kansa ya gano an kumbura riba da kusan yen biliyan 152 cikin kimanin shekara bakwai, ya kuma ɗora laifin a kan al'adar da ba ta barin na ƙasa ya musa wa na sama. Shugabanni sukan yanka wa sassa ribar da ba za ta samu ba, su ce a kawo ta ko ta halin ƙaƙa, su kuma manajoji su nemo ta a takarda. Wani nazari na 2011 da Mei Feng da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa daraktocin kuɗin da aka kama da murɗiya galibi matsin lambar shugaba ne ya tura su, fiye da wata ribar aljihunsu. Ba kuma sai an taɓa littafi ba ma: a wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2005 da ta ƙunshi manyan jami'an kuɗi 401 a Amurka, kashi 78 cikin ɗari sun amsa cewa za su iya sadaukar da amfanin kamfani na gaba don ribar ta fito sumul yadda kasuwa ke so, misali ta hanyar ɗage gyaran inji ko rage kuɗin bincike.

Abin da Legas ta gani da idonta

Ba sai an je Amurka neman Enron da WorldCom, kamfanonin da zambar rahoto ta durƙusar, ba. A ƙarshen 2006 aka gano cewa Cadbury Nigeria, mai yin Bournvita da TomTom a Agidingbi cikin Ikeja, ya yi shekaru yana kumbura alƙalumansa da kimanin naira biliyan 13. Daga cikin dabarun da hukumar kula da hannayen jari ta Najeriya, SEC, ta bayyana akwai tura wa diloli kayan da ba su nema ba don a rubuta su a matsayin ciniki, da ɗage rubuta kuɗin da aka kashe zuwa wata shekara. An sallami manajan darakta da daraktan kuɗi, a 2008 kuma hukumar ta ci tarar kamfanin da oditocinsa. Abin lura shi ne, kafin lokacin kamfanin na cikin waɗanda ake buga misali da su wajen kyakkyawan shugabanci.

Sai babbar girgiza. Bayan haɗewar bankuna ta 2005, da ta mayar da su 25 daga 89, kuɗi ya yi yawa, bankuna suka riƙa ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci na bankin da ya ba da bashin. Kasuwa ta kai ƙololuwa a Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabin darajarta, amma rahotannin wasu bankunan suna ta nuna riba. Ranar 14 ga Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar, Intercontinental da Oceanic da Afribank da FinBank da Union, ya zuba naira biliyan 420, daga baya adadin ya kai biliyan 620 da aka ƙara wasu bankunan. A 2010 kotu ta ɗaure shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, wata shida, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta kusan naira biliyan 190. A laccar da Sanusi ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010, ya bayyana yadda shugabannin zartarwa suka riƙa ɓatar da hukumomin daraktoci, yadda wasu daraktocin suka karɓi bashi ba jingina, da yadda wasu shugabanni suka kafa kamfanonin boge suna ba kansu rance. Matakan da suka biyo baya sun nuna inda aka ga cutar take: a lokacin an ƙayyade wa shugaban banki shekara goma a kujera, an kuma tilasta wa bankuna rufe shekararsu rana ɗaya, 31 ga Disamba, don a toshe aron kuɗi tsakaninsu ana cika ido ranar rufe littafi.

Wani na baya-bayan nan shi ne Tingo, kamfanin fasahar noma da hada-hadar kuɗi ta waya. A Disamban 2023 hukumar hannayen jari ta Amurka ta zargi kamfanin da shugabansa Dozy Mmobuosi, wanda ya taɓa neman sayen ƙungiyar ƙwallon Sheffield United, da nuna dala miliyan 461.7 a asusun bankunan Najeriya, alhali a cewarta abin da ke ciki bai kai dala 50 ba. Ya musanta zargin, amma a 2024 wata kotun New York ta yanke hukuncin biyan fiye da dala miliyan 250 bayan ba a bayyana an kare ƙarar ba.

Masu cewa tsari ne, ba hali ba

Akwai masana da ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Suna cewa alaƙa ba ita ce sanadi ba: wataƙila kamfanin da ya riga ya shiga matsala ne yake ɗauko shugaba mai cika baki don ya cece shi, sai a ɗora wa halinsa abin da ya tarar. Suna ƙara da cewa mafi yawan shugabanni masu yarda da kai ba su taɓa murɗe ko sisi ba, kuma ba don irinsu ba da ba a gina matatar mai ko masana'antar siminti ba, domin mai yawan tsantseni ba ya zuba biliyoyi a fadama. Sannan galibin nazarce-nazarcen nan a kan kamfanonin Amurka aka yi su, inda hannun jari ke warwatse a hannun dubban mutane, ba kamar nan ba da sau da yawa wanda ya kafa kamfani shi ne mai kaso mafi tsoka, shi ke zaɓen daraktoci, wasu ma abokansa ne tun na makaranta. A ganinsu abin gyara shi ne albashin da aka ɗaura da ribar shekara ɗaya, da oditan da kamfanin da yake bincika ne ke biyan sa, da hukuncin da ba ya zuwa da wuri.

Ni a nawa ganin hujjar ta ƙarshe ƙara ƙarfin batun hali take yi. Inda mutum ɗaya ya haɗa mallaka da iko da kwarjini, tsarin da aka rubuta a takarda yana aiki ne gwargwadon yadda shi ya ƙyale shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokokin kuwa akwai su: an kafa Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya a 2011, an fitar da kundin shugabancin kamfanoni a 2018, dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta hana mutum ɗaya zama shugaban hukumar daraktoci da manajan darakta a kamfanin jama'a, ta kuma wajabta wa manajan darakta da daraktan kuɗi su sa hannu cewa rahoton ba ya ɗauke da ƙarya. Sai dai doka tana iya raba kujeru biyu, ba ta iya sanya wa wanda ke kan ta biyun ƙarfin zuciyar cewa a'a. A Jamus ma, da duk tsarinta, lokacin da jaridar Financial Times take tona asirin kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Wirecard, hukumar sa ido 'yan jaridar ta kai ƙara, sai a 2020 aka tabbatar yuro biliyan 1.9 da ake nunawa babu su.

Abin da ya shafi mai ƙaramin jari

Wanda bai taɓa taka titin Customs ba, inda kasuwar hannayen jari take, yana iya ɗauka wannan rigimar manya ce. Amma ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho kowane wata yana da kaso a waɗannan kamfanoni ta hannun masu juya asusun. Mai ajiya a banki yana da inshorar hukumar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, amma mai hannun jari ba shi da irin wannan laima. A 2011, da aka karɓe Afribank da Spring da Bank PHB aka sauya musu suna, masu ajiya sun tsira, masu takardun hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu. Cikinsu akwai 'yan kasuwar da suka sayar da shanu ko fili a gida suka saya.

Ba wanda zai iya auna zuciyar shugaba daga rumfarsa, amma wasu alamu ba sa buƙatar digiri. Mafi amfani ita ce kwatanta riba da tsabar kuɗin da kasuwancin ya shigo da su: in riba na hawa shekara bayan shekara amma tsabar kuɗi ba ta biyo ta ba, bashin da ake bin diloli kuma yana kumbura, to albasar rumfa ake ƙirgawa da farashin sabuwa. Ribar da ba ta taɓa yin tuntuɓe ba, ko a shekarar da naira ta faɗi kowa ya ji a jikinsa, ita ma abin tambaya ce. Haka yawan sauya daraktan kuɗi, ko murabus ɗin odita ba bayani, ko jinkirin fitar da rahoto, ko tarin ciniki tsakanin kamfanin da wasu kamfanonin shugaban, wanda doka ta ce a bayyana a bayanan ƙarshen rahoto, shafukan da kusan kowa ke tsallakewa. A kuma duba yadda shugaba ke amsa tambaya mai zafi, ko yana kawo alƙaluma ko yana neman sanin wanda ya aiko mai tambayar.

Na taɓa halartar babban taron shekara na wani kamfani a wani otal a tsibirin Victoria. Mutum bakwai ko takwas suka karɓi makirufo, kusan duk yabo suka yi wa shugaban, ɗaya har da kirari. Da wani dattijo ya tambayi dalilin da bashin diloli ya ninka, sai aka fara ƙananan maganganu a bayansa, wasu na duba agogo saboda layin karɓar jakar kyauta. An amince da rahoton cikin 'yan mintuna. A wannan zauren ne kuma ake zaɓen kwamitin binciken kuɗi, wanda dokar 2020 ta ce ya ƙunshi mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba na zartarwa ba, kuma kowane mai hannun jari yana da ikon tsayar da wani ɗan'uwansa mai hannun jari takara, muddin ya aika wa sakataren kamfani sunan a rubuce aƙalla kwana 21 kafin ranar taron.